Matatar da ke tsaya wa ƙoda

Jawabin kwamitin walwala a ranar bikin zagayowar shekarar kafa ƙungiyarmu, kamar yadda aka karanta shi a gaban taro.



Hajiya Shugaba, iyayenmu na kwamitin amintattu, yayye da ƙanne 'yan ƙungiya, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka baro harkokinsu suka zo taya mu murna, barkanku da zuwa. Ma'aji ta gama karanto lissafi. Mun ji ribar man gyaɗa, mun ji ta awara da sabulu, mun ji bashin da aka biya da wanda ya rage. Mu kwamitin walwala an ba mu minti 20, kuma mun ga girki ya kusa sauka, don haka ba za mu ja ku da nisa ba. Magana ɗaya muka zo da ita, maganar wankin ƙoda da matatar da ake yin sa da ita. A ƙarshe akwai roƙo uku da za mu kawo gabanku a kaɗa ƙuri'a.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana abu ne da ya faru da mu sau biyu a shekarar nan. Ba za mu kama suna ba, duk kun san su.

Da damina wata 'yar'uwarmu ta haihu, jini ya ɓalle mata. Aka ƙara mata leda 3, jinin ya tsaya, kowa ya ce an tsallake. Sai aka kwana biyu ba ta yi fitsari ba, fuska ta kumbura, ƙafa ta kumbura, tana ta amai. Likita ya ce ƙodarta ta tsaya, sai an yi mata wanki. Nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce duk wanda aka ɗora a kan injin nan ba ya sauka sai ranar da aka ɗauki gawarsa, gara a mayar da ita gida a yi na gargajiya. Aka ƙara kwana biyu ana gardama. Mu faɗi gaskiya, mu kanmu da muka je dubiya ba mu san abin da za mu ce ba, don mu ma abin da muke ji kenan a gari. Daga ƙarshe mijinta ya sa hannu, muka bi gida gida cikin dare muna haɗa kuɗi. Wanki 4 aka yi mata. Ranar da fitsari ya dawo, guɗa aka yi a bakin ɗakin. Ga ta can zaune da goyonta, ba ta sake komawa kan injin ba.

Ta biyun uwa ce a wajenmu, da ita aka kafa ƙungiyar nan. Ta yi shekaru da hawan jini, ba ta shan magani sai ran da kai ya sara. Lokacin da aka gane ƙodar ta lalace, an riga an makara. Likita ya ce wanki sau 3 a mako. Mu da 'ya'yanta muka iya sau ɗaya a mako, muka yi wata biyu a haka, ƙarfinmu ya ƙare. Allah ya jiƙanta, ya kyauta namu zuwan.

Inji ɗaya, matata iri ɗaya, amma ɗaya ta tashi ɗaya ba ta tashi ba. Bayan sadakar bakwai muka ce ba za mu sake tsayawa a bakin ɗakin asibiti kamar baƙi ba. Biyu daga cikinmu suka nemi izini suka zauna da ma'aikatan ɗakin wanki, suka yi ta tambaya, muka kuma karanta abin da muka samu. Ga abin da muka koyo.

Mu fara da ƙodar kanta. Kowa na da guda biyu, a baya, ƙasa da haƙarƙari, kowace kamar dunƙulen hannu. A cikin kowace akwai ƙananan matatu kusan miliyan guda. Jinin babban mutum gaba ɗaya kimanin lita 5 ne, amma saboda zagayawa yake yi dare da rana, ruwan da ƙoda ke tacewa daga cikinsa a kwana ɗaya yana kai lita 180, kusan cikin duro guda kenan. Ba ta zubar da shi duka. Tana mayar wa jiki kusan dukkansa, ta fitar da kamar lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. A ciki take zuba dattin da jiki ke tarawa, irin su yuriya, mai suna ɗaya da takin da mazajenmu ke sa wa masara, da gishirin da ya yi yawa, da ruwan da ya yi yawa. Idan ta tsaya, duk wannan a jini yake taruwa. Shi ne kumburin nan, da amai, da ƙaiƙayi, da numfashi sama sama, har mutum ya fita hayyacinsa.

To yaya injin ke yi? Da yawanmu mun ɗauka ciro ƙodar ake yi a wanke ta a mayar. Ko taɓa ta ba a yi, jini ake wankewa. Kuma babban injin nan mai fitilu da ƙara ba shi ne matatar ba, shi aikinsa turo jini da haɗa ruwan wanki da tsaro. Matatar wata 'yar gora ce ta roba da ake maƙalawa a gefensa, tsawonta kamar ƙafa guda, wajen santimita 30. A cikinta akwai siraran bututu kimanin 10,000, kowane ya ɗan fi gashin kai kauri, kuma rami ne da shi daga farko har ƙarshe. Da za a tsaga su a shimfiɗa, faɗinsu zai kusa kai zani yadi 2. Jini yana bi ta cikin bututun, ruwan wanki yana bi ta bayansu, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, ba sa gauraya.

Masu awara da masu koko, kun san abin tata: ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. A nan abin da ke tsayawa shi ne mai amfani. Jikin bututun yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin jini da furotin sun fi ƙarfin ƙofar, sai su zauna a ciki. Yuriya da gishiri ƙanana ne, sai su tsallaka zuwa ruwan wanki a tafi da su. Kamar dai jakar Lipton a ruwan zafi, launi ya fita, ganye ya zauna. Sannan injin yana ɗan zuƙo ruwan da ya taru a jiki, gwargwadon yadda likita ya tsara. Shi ya sa ake ɗora mara lafiya a sikeli kafin wanki da bayan wanki.

Wata tambaya da aka yi mana ita ce, ba jinin mutum suke kwashewa ba? Jinin da ke waje a kowane lokaci bai wuce kamar rabin ledar fiya wata ba, kuma komawa yake yi ta ɗaya tiyon. A awa 4 na wanki, jinin jiki duka yakan bi ta matatar fiye da sau 10. Ana sa wani magani mai suna hefarin don kada ya daskare a hanya. Kafin ya koma jiki akwai wata 'yar raga da ke tare gudaji, akwai kuma na'urar da ke tsayar da injin nan take idan ta ga kumfar iska. Ƙarar nan da kuke ji kuna firgita, yawanci tsaron ne ke aiki.

Ruwan wankin ma ba na rijiya ko na famfo ba ne kai tsaye. Wanki guda yana cin kimanin lita 120, jarka 6 mai lita 20, kuma sai an bi da shi ta matatu kala kala an cire masa komai, tunda siririn bango ne kawai tsakaninsa da jinin mutum. Ku haɗa da wuta ko man janareta, da matatar da tiyon da daga waje ake shigo da su, da gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau da ake yi kafin a fara, za ku ga inda tsadar take fitowa.

Wanda ya fara ƙera injin da ya yi aiki wani likita ne ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, a garin Kampen, a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Babu kayan aiki. Doguwar ledar da ake ɗura nama a ciki ya samo, ya nannaɗe ta a jikin ganga ta katako, gangar na juyawa a cikin kwamin ruwan gishiri, jini na bi ta cikin ledar. Marasa lafiyar farko da ya gwada wa ba su rayu ba. Sai a 1945 aka kawo masa wata mata 'yar shekara 67 da ƙodarta ta tsaya, ba ta san inda take ba. Ya ɗora ta, ta farfaɗo, ƙodarta ta dawo aiki, ta ƙara shekaru a duniya. Ku lura, mutum na farko da injin nan ya ceta mace ce, kuma sauka ta yi daga kansa ta koma gida. Bayan yaƙi Kolff ya raba injinansa kyauta ga asibitoci a Landan da Kanada da Amurka. A 1960 Dakta Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya samo hanyar da za a riƙa maimaita wankin ga masu ciwon da ba ya warkewa, kuma wanda aka fara yi wa ya ƙara shekara 11.

Wannan ya kawo mu kan abin da muke so kowa ya tafi da shi gida. Tsayawar ƙoda iri biyu ce.

Akwai ta farat ɗaya. Lafiyayyar ƙoda ce wani abu ya buge ta: zubar jini wajen haihuwa, jijjiga, amai da gudawa mai tsanani, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani musamman ga yara, cutar da ta shiga jini, ko wani magani mai ƙarfi. Irin wannan ƙodar sau da yawa suma ta yi, ba mutuwa ba. Matatar tana riƙe mata aiki na 'yan kwanaki ko 'yan makonni har ta farfaɗo. A nan jinkiri shi ne ke kisa, kwana biyun da aka yi ana gardama suna iya zama su ne bambanci.

Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda hawan jini da ciwon sukari suka fi kawowa. Shekaru take yi tana cin ƙodar ba ciwo ba alama, sai aikin ya ragu ƙwarai sannan mutum ya ji a jikinsa. Idan ta kai ƙarshe ba ta dawowa. Mai irin wannan shi ne ke buƙatar wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zuwa, ko kuma dashen ƙoda. Ku yi lissafi: awa 12 kenan a mako, ita kuwa ƙoda awa 168 take aiki. Kuma akwai aikin da matatar ba ta iyawa. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini, tana da hannu a ƙarfin ƙashi da daidaita bugun jini. Shi ya sa za ku ga mai wanki jininsa na yawan ƙasa, ana yi masa allurai, ana ƙayyade masa ruwan sha da gishiri da dunƙule da kanwa, har da ayaba da lemu da dabino saboda sinadarin fotasiyam, wanda idan ya taru yana iya tsayar da zuciya. Don Allah mu masu zuwa dubiya mu daina cusa musu kayan marmari muna cewa ci ki samu ƙarfi. A tambayi likita tukuna.

Don haka idan likita ya ce wanki, tambayar farko ita ce: Likita, wace iri ce, mai dawowa ce ko marar dawowa? Wani lokaci zai ce sai an ga yadda kwanaki suka yi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma amsar ita ce za ta nuna wa iyali irin shirin da za su yi. Idan mai dawowa ce, a sayar da akuya a yau, kada a jira gobe. Idan marar dawowa ce, a zauna a yi shawara ta dogon zango, a tambayi asibitocin gwamnati da ke da rangwame, a tambayi maganar dashe. Ana yin dashen ƙoda a ƙasar nan tun shekarar 2000 a Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma ya daɗe yana yi. Mai ƙoda ɗaya lafiyayya yana rayuwarsa daidai.

Ga wasu ƙananan abubuwa da masu jinya ya kamata su sani. Idan na gaggawa ne, a wuya ko a cinya ake sa tiyo. Kada ya jiƙe, kada a taɓa shi da hannu, kuma zazzaɓi ko rawar sanyi ga mai tiyo maganar komawa asibiti ce a ranar. Idan na dogon lokaci ne, ana yin ƙaramin aiki a hannu a haɗa jijiyoyin jini biyu don jijiyar ta yi ƙarfi ta ɗauki allura. Likitoci na kiran wannan fistula. Mun ga wata baiwar Allah ta fashe da kuka da ta ji kalmar, ta ɗauka yoyon fitsari ake nufi. Suna ne ya zo ɗaya, wannan a hannu yake. Yakan ɗauki makonni kafin ya nuna, kuma hannun nan ba a awon jini a kansa, ba a allura, ba a ɗaukar kaya mai nauyi da shi, ba a kwanciya a kansa. Sannan hakkinku ne ku ga an buɗe matata da tiyo daga ledarsu. Matatar wani ba a sa wa wani.

Akwai wata matatar da ta fi wannan kusa da mu, don kusan kowace a nan ta taɓa jinyar wadda aka ƙara wa jini. Robar ƙarin jini daban take da robar ƙarin ruwa. Ku duba ɗan kwalbar nan da jini ke ɗiga a ciki, za ku ga raga. Ramukanta kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, aikinta tare ƙananan gudaji da tarkacen da ke taruwa a leda lokacin ajiya. Idan an aike ku kemis, ku ce ta jini, kada a ba ku ta ruwa don ta fi araha. Leda guda kuma ba ta wuce awa 4 a rataye. Akwai kuma matata ta musamman da ke rage fararen ƙwayoyin jini daga ledar, tana rage zazzaɓin da wasu ke yi bayan ƙarin jini. Iyayen masu sikila, da masu shirin dashe, ku tambayi likitanku ko ana samunta.

Yanzu mu dawo gida. Duk wannan bayani, matatar da ta fi kowace araha ita ce wadda muke ɗauke da ita a bayanmu. Me ke lalata ta? Hawan jinin da ba a sha masa magani kullum. Sukarin da ba a auna ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da muke haɗiya bayan wunin suya da daka, wata safe da yamma, shekara da shekaru. Haɗe haɗen da ake tallansu a mota da lasifika, ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa. Da wasu mayukan bilicin masu sinadarin makuri. Mun san wannan ta taɓa wasu, a yi haƙuri, gara mu faɗa wa juna a nan. Ga masu ciki, awo ba ɓata lokaci ba ne. Awon jini da na fitsari da ake yi a can su ne ke kama jijjiga tun ba ta zo ba. Wadda ta haihu kuma, idan ta yini ta kwana fitsari bai zo ba ko ya ragu sosai, ba a jira suna, a koma asibiti.

Alamun da ba a wasa da su: kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya, fitsari mai jini, yawan tashi fitsari da dare, kasala da rashin cin abinci. Awon jini idan yana kai 140 bisa 90 ko sama, an auna an sake aunawa, maganar likita ce. Gwajin fitsari da gwajin jini na kiriyatinin sau ɗaya a shekara, ga mai hawan jini ko sukari, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin wanki guda ba.

Ga roƙonmu uku.

Na ɗaya, a buɗe asusun gaggawa na lafiya, daban da adashi, daban da jari. Kowace ta riƙa sa naira 300 a wata. Mu faɗa muku tun yanzu, wannan asusu ba zai iya ɗaukar wankin shekara da shekaru ba, kada mu yi wa juna alƙawarin da ba za mu cika ba. Abin da zai iya shi ne biyan wankin farko da na biyu, ko ledar jini, a daren da abin ya faru, kafin dangi su haɗo nasu. Mutum uku za su riƙe shi, biyu su sa hannu kuɗi ya fita, a karanto lissafinsa duk taro.

Na biyu, ƙungiya ta sayi na'urar awon jini guda 2 da ta awon sukari guda ɗaya. 'Ya'yanmu biyu da ke aikin asibiti sun yarda za su koya wa mutum 4 daga cikinmu. Duk ranar taron wata, kafin a buɗe littafin kuɗi, a auna kowa a rubuta a katinta. Wadda nata ya hau, a haɗa ta da 'yar rakiya zuwa asibiti a makon.

Na uku, ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, tun 2006 ake yin ta. Muna so mu riƙa gayyato ma'aikacin lafiya a wannan mako ya yi mana gwajin fitsari a nan harabar, mu zo da mazajenmu. Iyayen gida, da ku muke, hawan jini bai san namiji ba. Kuma sa hannunku ake jira a asibiti, don haka muna roƙo, ranar da likita ya ce wanki, a yi tambayar nan da muka faɗa, a yanke shawara a ranar.

Hajiya Shugaba, mun miƙa waɗannan uku gare ki a kaɗa ƙuri'a bayan an ci abinci. Muna godiya ga duk wadda ta buɗe mana ƙofa a daren nan na damina, da wadda ta ba da dubu da wadda ta ba da ɗari, da ma'aikatan da suka yi haƙuri da tambayoyinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mun aro na'urar awon jini guda ɗaya don yau, tana kan teburin can na baya kusa da ƙofa. A zauna a huta minti 5 kafin a auna, kuma a fara da iyayenmu.